Kuɗɗin UBEC na kwance Abuja, to mi ya hana a biya malamai da su?

[Hoto: yara na tururuwa ƙofar wata firamare cikin Birnin Kebbi da safe]

Jama'a assalamu alaikum. Duk sanda labari ya fito wai biliyoyin kuɗɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, na kwance Abuja jihohi ba su je sun ɗauka ba, sai ka ga Facebook ya ɗau zafi, kowa na faɗin to a kwaso mana a biya malamai, a sallami tsofaffin da ke jiran garatuti. Ni ma da can haka nake gani wallahi. Ashe tukunyar ba ɗaya ba ce.

[Hoto: sabon bulo na ajujuwa, an rubuta UBEC/SUBEB a bango da fenti]

Wanga rubutu na bango kowa ya san shi, SUBEB ita ce hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE na ilimin matakin farko ga kowa nan maƙwabta Sakkwato a 1999, doka ta biyo baya 2004, ita ta ce a riƙa ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko. Babban ɓangarensa sharaɗi gare shi, jiha ta aza naira ɗaya a ƙara mata ɗaya, in ba ta aza ba kuɗɗin su yi ta kwanciya. Kuma ko an ɗauko, na gini ne da benci da ban ɗaki da bohol. Ba a biyan albashi da su. Shi ke nan, mun wuce nan.

[Hoto: taswirar Kebbi, ƙananan hukumomi 21 na fitowa ɗai ɗai]

To albashin malamin firamare daga ina? Ku ɗan natsu, don nan mutane ke ɓata. Kowane wata ana zaman rabon arzikin ƙasa Abuja, cikin naira 100 tarayya ta ɗauki 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60, harajin VAT lissafinsa daban. Kason ƙaramar hukuma kuma shekara da shekaru ba hannun ciyaman yake faɗawa ba, sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce a buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, can kuɗɗin ke sauka. A zauna, a cire albashin malaman firamare tun daga sama kamin a raba sauran, a miƙa ma SUBEB, sai malam ya ji alat. Shi ya sa malam ke ganin gwamna ne ya biya shi, alhali kuɗɗin ƙaramar hukuma ne anka zagayo da su ta babban birni.

[Hoto: aji cike maƙil, wasu zaune ƙasa, wasu kan taga]

Yanzu ku dubi ajin ga. A rabon da ake ma ƙananan hukumomi, kashi 40 daidai wa daida ne, ƙarama da babba duk ɗaya, kashi 30 ne ke bin yawan jama'a, yawan 'yan makaranta kuwa ɗan guntu ne can ƙasan lissafi. To gari irin Birnin Kebbi da kullum ake shigowa, Badariya ta cika, Gesse ta cika, Rafin Atiku ta cika, makarantu sun fi yawa, malamai sun fi yawa, kuma da yawansu tsofaffin hannu ne masu babban mataki, albashinsu ya fi nauyi. Kason gari bai ƙaru daidai da yaran da sunka ƙaru ba. In an ce kowace ƙaramar hukuma ta biya nata malaman da nata kason, ta cikin gari ce za ta fara shan wuya. An ma ga haka a ƙasar ga, farkon dawowar siyasa akwai ƙananan hukumomin birane da in an cire albashin malamai ba abin da ke saura, shi ne ake ce ma ziro alokeshan. Inda ake haɗa kuɗɗin wuri ɗaya a biya kowa, to a fakaice ƙauye ne ke tallafe gari. Mutanen karkara ku yi haƙuri, ba ni na tsara ba.

[Hoto: ginin Kotun Ƙoli, sannan tsoffin hotunan malamai na zanga-zanga]

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura ma ƙananan hukumomi kuɗɗinsu kai tsaye. Jama'a anka yi ta murna, ƙungiyar malamai ta NUT kuwa gabanta ya faɗi, don ba su manta 1991 ba lokacin da gwamnatin Babangida ta danƙa firamare hannun ƙananan hukumomi malamai sunka yi watanni ba albashi, har sai da anka maido da hukumar firamare ta ƙasa a 1993. Kuma ko a 2025 malaman firamaren Abuja sun yi fiye da wata 3 suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ƙananan hukumomin Abuja fa, ba ƙaramar hukumar Dandi ko ta Arewa nan Kebbi ba. Ni dai ra'ayina, 'yancin ƙaramar hukuma abu ne mai kyau amma a cire na malam tukuna. Gwamnanmu Kauran Gwandu tsohon shugaban NUT na ƙasa ne, wanga labari ba sai an ba shi ba.

[Hoto: dattijo zaune bisa benci, fayil cikin leda bisa cinya]

Sai fansho. Dokar tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa tara kashi 8 wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10 a asusu mai sunansa, amma ba ta hawa kan jiha sai jiha ta yi tata dokar kuma ta riƙa zubawa. A tsohon tsari ba wani abu da anka ajiye ma Baba, fanshonsa da garatutinsa daga kason wanga wata za su fito, tukunyar da malamin da ke aji yanzu ke ci. Malamin da ke aji na iya yajin aiki, Baba ba ya iyawa, to in kuɗɗi sunka gaza kun san wa ake ce ma ya dawo wata mai zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 ko 40 na aiki, inda anka aiwatar ta ɗan jinkirta layin, ba ta biya ko kwabo na bashin baya ba.

[Hoto: dattijon na fiddo takardu, an kira tantancewa, ya miƙe]

Ku dubi ledar nan da kyau, takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta ritaya, hoto fasfo guda biyu. Sabon bulon da munka nuna da farko bai fi tafiyar minti biyar daga bencin ga ba, kuma ko sisi na kuɗin fentinsa doka ba ta yarda a ba Baba ba.