Kariya a Tukunya: Ruwa ne Ajalinta

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa masu renon dashe a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan uwa, barkanmu da war haka.

Yau kan kariya za mu yi magana, shukar nan mai kumburarren gindi kamar tulu, mai fitar da fure ja-ja da fari a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa duk ta bushe. Masana na kiranta Adenium obesum. Ba baƙuwa ba ce, 'yar yankin Sahel ce, ana kuma samunta a gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Danginsu ɗaya da tumfafiya. Duk abin da zan faɗa yana komawa ga wannan gindi ne: rumbun ruwanta ke nan. Mai rumbu a cike ba ya bukatar a riƙa ɗura masa, shi ya sa yawancin kariyar da ke mutuwa a tukunya ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba.

Mu fara da mazauninta. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don jikinta na tsotse danshi. A huda gindin tukunyar wuri 3 ko 4, kowace huda ta ɗauki ɗan yatsa. Mai faɗin baki mara zurfi, irin kasko, ita ake so. Sai haɗin ƙasa: kwano 2 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na dakakken gawayi, kwano 1 na takin dabbobi da ya shekara ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ƙasar fadama kuwa kada ta shiga ko kaɗan, laka ce, tana riƙe ruwa. Ga gwaji: ka zuba moɗa guda a kai. In ruwan ya kwanta ya yi minti guda bai zurare ta ƙasa ba, ƙara yashi.

Hanyar samun dashe biyu ce. Akwai iri, wanda ke cikin kwasfa biyu masu kama da ƙahon bunsuru. In ta nuna sai ta tsage, iska ta kwashe irin, don yana da gashi kamar na tumfafiya, saboda haka a ɗaure kwasfar da zare tun kafin ta fashe. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai danshi, a yayyafa yashi kaɗan ya rufe shi, a ajiye a inuwa mai haske. Sabon iri kan tsiro cikin mako guda ko kwana 10; wanda ya daɗe a ajiye ba ya cika tsirowa. Na iri shi ne ke yin gindin nan mai kyau, kuma shi masu saye ke nema. Ɗaya hanyar ita ce reshe: a yanko mai tsawon taƙi da wuƙa mai tsabta, a shafa toka a bakin yankan, a bar shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 har bakin ya bushe, sannan a kafa shi a yashi. Wanda ya dasa shi ɗanye, ruɓewa zai yi. Reshe ya fi saurin fure, amma gindinsa ba ya kumbura kamar na iri.

Yanzu ban ruwa, kuma a nan nake roƙon a saurara da kyau. Ba a ba ta ruwa da lissafin kwana, da yatsa ake bayarwa. Ka cusa yatsa har gaɓa biyu. In ka ji danshi, bar ta. In ya bushe, ka zuba sosai har ya fito ta ƙasa. A zafin bazara, Maris zuwa Mayu, hakan kan zo duk kwana 3 ko 4. Da hunturu takan zubar da ganye ta huta, sai mutane su ɗauka mutuwa take yi su yi ta malala mata ruwa, alhali a lokacin saiwar ba ta sha. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. A markar Agusta kuwa a janye tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa, nesa da indararo, a ɗora ta kan bulo.

Ka riƙa matsa gindin da hannu. Mai lafiya tauri gare shi. In ya ɗan yamutse amma ƙasa a bushe take, ƙishi ne, ruwa zai mayar da shi. In ya yi luguf kamar ruɓaɓɓen dankali, ganye ya yi ɗorawa, ƙasa kuma a jiƙe, to ruɓa ce. A tumɓuke ta, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai ga farin nama, a shafa toka, a rataye ta a inuwa mako guda, a mayar cikin sabuwar ƙasa busasshiya, kada a ba ta ruwa sai bayan wani makon.

Rashin fure galibi rashin rana ne. Tana son aƙalla awa 6 a rana. Takin yuriya ma ganye yake sa ta yi ba fure ba. In za a sa na zamani, rabin ƙaramin cokali na NPK a gefen tukunya sau ɗaya a wata, banda hunturu. Darɓa mai ruwan ɗorawa takan taru a kan toho: ruwan jiƙaƙƙen 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu, a fesa da yamma.

Wani dattijo ya tambaya ko kariya tana cutar da awaki. Baba, tambayar nan ta zo daidai. Ƙaron kariya dafi ne mai taɓa zuciya, har mafarauta a sassan Afirka sun yi amfani da shi a bakin kibiya. A ɗora tukunyar inda akuya da yara ba sa kaiwa, rassan da aka yanke a binne su kada su shiga harawa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko abinci, wuƙar da aka yi aikin da ita kuma kada ta koma madafa.