Amsoshin Tambayoyinku: Ƙirƙirarriyar Basira Ta Shigo Kasuwa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan birnin Jos, ya aiki ya sanyi, don yau kam hazo ya sauko tun da asuba. Wasiƙunku na wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar ƙirƙirarriyar basira wato AI ɗin nan da ake ta faɗa, da yadda ta shigo harkar saye da sayarwa. Toh bismillah.

Saƙon farko daga wata baiwar Allah ne a Anguwar Rogo, tace tana sai da turaren wuta da humra a cikin gida, WhatsApp shine shagonta, nan take ɗora kaya kullum. 'Yarta ta nuna mata yadda ake sa AI ya zana hoton kwalabe masu sheƙi kamar na kantin Dubai ya kuma rubuta mata kalaman talla, shine take tambaya wai menene ma wannan abun, kuma babu laifi in tayi amfani dashi?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Abun ba aljani bane, manhaja ce da aka ɗura ma rubutu da hotuna masu ɗimbin yawa daga intanet har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace, toh in kin tambayeta sai ta riƙa jero kalmomin da suka fi dacewa ɗaya bayan ɗaya, shi yasa zaki ga magana tsaf kamar ta mutum. An daɗe ana bincike akanta amma bata shiga hannun kowa da kowa ba sai ƙarshen watan Nuwamba 2022 da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, daga nan su Gemini na Google da Claude da DeepSeek na ƙasar Sin suka cika fili, sannan a 2024 kamfanin Meta ya saka nashi a cikin WhatsApp ɗinmu na Najeriya, wannan ɗan zoben mai shuɗi da kike gani a gefe, shine.

Wajen rubutu kam kiyi amfani da ita, babu komai. Ki gaya mata kayanki da kuɗinsu da unguwarki tace miki ga yadda za'a tsara, ta tayaki lissafin uwar kuɗi da riba, ta juya miki saƙo zuwa turanci saboda kwastomominki na Rayfield ko Abuja da basa jin Hausa. Amma ki karanta kafin ki tura, don Hausarta har yanzu da saura, rubutun Hausa a intanet bai kai ko kusa da na turanci ba saboda haka bata ƙoshi da harshenmu ba, wani lokaci zata kawo miki kalmar da ko kakarki bata taɓa ji ba, kuma in bata san abu ba bata yin shiru, ƙirƙira take ta faɗa miki da ƙarfin gwiwa. A watan Satumba 2025 gwamnatin tarayya ta fito da wata tamu ta gida mai suna N-ATLAS da aka horar da Hausa da Yarabanci da Ibo, abun farin ciki ne wallahi, amma ko ita sai an bi bayanta.

Inda nake so ki tsaya ki saurareni da kyau shine maganar hoto. Hukunci na malamai ne ba nawa ba, sai dai dukkanmu mun san hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sai da abinci ya tura hannu cikin tarin ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, yace wanda yayi algus baya tare damu. Toh in kwalbar da ke hoto ba ita za'a kai ma mutum ba, in kalar humrar a waya daban a hannu daban, kinga ai busasshen ne a sama. Ni kaina ya taɓa faruwa dani, na ga shadda a hoto tana ɗaukar ido na tura kuɗi, da kaya suka iso ta mota abun da na kwance daban ne sam, ban yi faɗa ba amma ban sake komawa ba, kuma duk wanda ya tambayeni sai na gaya masa gaskiya. Ki goge kwalbarki ki ajiye kan farin kyalle kusa da taga da hantsi ki ɗauka, in kin so AI ya gyara haske ya share tarkacen da ke baya, wannan daidai ne, kayan dai su zama naki. Sannan lambobin matan da ke saye a wajenki da adireshin gidajensu kar ki kwafa ki zuba ma manhaja, amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan.

Sai wani matashi da ke zanen talla da buga banna da katin biki a wajen titin Ahmadu Bello, yace kwastomomi sun fara zuwa da zanensu a waya suna cewa bugawa kawai zaiyi, anya sana'arsa ba ta mutu ba?

Ƙanena ba zan ɓoye maka ba, ƙananan ayyukan nan na dubu ɗaya dubu biyu zasu ragu, sun ma fara. Amma ka duba zanen da suke kawowa, sau nawa kake ganin an rubuta suna ba daidai ba, ƙ da ɗ sun ɓace, hular ango ta koma wani abu da ba zanna ba ba kuma ƙube ba, in an buga a babban banna hoton ya farfashe? Nan kuɗinka yake yanzu, ka koyi abun ka fi su iyawa, aikin da kake kwana biyu akai ka gama shi kafin azahar ka karɓi aiki uku. Akwai shirin 3MTT na koya ma matasa fasahar zamani da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta fara a 2023 tare da hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa, kyauta ake koyarwa, in an buɗe rajista ka gwada sa'arka.

Tambaya ta uku ta taɓa ni sosai. Wani dattijo dillalin kayan gwari a kasuwar Farin Gada ya sa ɗansa ya rubuto, yace kullum yana jin 'yan boko na cewa kasuwanci mai ɗorewa, shi kuma abun da ya sani tumatir da kabeji da karas na ruɓewa a gabansa in mota bata zo ba, shin wannan AI ɗin zai hana?

Baba ranka ya daɗe, ɗorewa ai kai ka fi mu saninta, ba wani abu bane illa a ci yau a bar na gobe, ƙasar noma kar ta gaji, ruwa kar ya ƙare, kayan da akayi wata uku ana ma ban ruwa daga tafkunan da haƙar kuza ta bari kar su ƙare a juji. AI baya sanyaya tumatir Baba, wannan aikin ɗakin sanyi ne da hanya mai kyau da abun zuba kaya. Kwandon da muka gada in an jera shi bisa juna daga nan zuwa Legas ko Fatakwal na ƙasa matsewa yake ya fashe, akwatin roba kuwa shi yake ɗaukar nauyin ba tumatir ba, kuma a wanke a sake amfani dashi. Akwai kamfanin ColdHubs da wani ɗan Najeriya Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni, ana biya kan kowane akwati a kowace rana, irin wannan in ƙungiyarku ta haɗa kai ta nema yafi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba.

Inda waya zata taimaka shine kafin kaya su iso gabanka. Ɗan naka ya riƙa ɗaukar hoton kaya tun suna gona ya tura ma masu saye na Abuja da kudu a ƙulla ciniki kafin a tsinka, a daina tsinkowa sannan a zauna jiran mai saye. Ya riƙa rubuta abun da ya shigo da wanda ya fita da wanda ya lalace kullum, in akayi wata biyu uku sai a ba manhaja ta duba ta nuna maku wace rana ce kuke yawan asara, amma fa sai an rubuta, bata san Farin Gada ba sai abun da kuka gaya mata. Manoman da kuke saye wajensu a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi kuma, masu fama da cutar da ke ƙona ganyen dankalin turawa da damina, akwai manhajoji irin su Plantix da ake ɗaukar hoton ganye su faɗi cutar da suke zato, yana taimakawa a farga da wuri, sai dai kafin a kashe kuɗi a sayi magani a tuntuɓi malamin gona, ga tashar binciken dankali nan kusa damu a Kuru.

Wata ɗaliba a Jami'ar Jos tace ta ji AI na shan wutar lantarki da ruwa sosai, gaskiya ne? Gaskiya ne ƙanwata. Amsar da kike gani a waya ba a wayar ake dafa ta ba, a wasu manyan gine-gine ne da ake kira rumbunan bayanai, cike da kwamfutoci da ke aiki dare da rana suna zafi sai an sanyaya su, wasu da ruwa. Hukumar makamashi ta duniya IEA tace a 2024 irin waɗannan rumbunan sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya baki ɗaya, kuma tana hasashen zuwa 2030 zai ninka har ya ɗan zarce abun da ƙasar Japan ke sha yanzu. Abun ya kai a 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniya a sake tada wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka don ya samu wuta. Mu kuma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 muna raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, tela na jiran a kawo wuta mai walda na jira, fetur ɗin janareta tun cire tallafi a watan Mayu 2023 ya gagari mai ƙaramin jari. Shi yasa ni a ganina duk mai son kafa irin wannan rumbu a Najeriya ya zo da wutarsa ta rana ko ta gas, kar a ɗebe daga ɗan abun da ke zuwa unguwanni.

Na ƙarshe da lokaci zai bamu, wani ɗan'uwa daga Bukuru yace an turo masa bidiyon wani babban mutum sananne yana cewa a zuba kuɗi a wata manhaja AI zai juya su su ninka cikin wata ɗaya, ya saka?

Malam kar ka saka ko sisi, don Allah. Yanzu da ɗan guntun muryar mutum da hotonsa ake haɗa bidiyo yana faɗin abun da bai taɓa faɗa ba, ka lura da leɓensa da yadda yake ƙifta ido, amma ma ko baka gane ba alƙawarin kaɗai ya isheka. Haka masu wata manhajar zuba kuɗi mai suna CBEX suka ce, wai AI ke musu ciniki kuɗi zai ninka a kwana 30, a watan Afrilu 2025 aka wayi gari mutane sun kasa cire ko kwabo har EFCC ta shiga maganar, kuma hukumar SEC mai kula da zuba jari tace bata taɓa yi musu rajista ba. Ka shiga shafin SEC ka nemi sunan kamfanin, in baya ciki ka goge saƙon, kuma ka kira wanda ya turo maka ka gaya masa tun bai saka nashi ba, wataƙila shima turo masa akayi.

Sauran wasiƙun, harda ta malamar makarantar nan ta Gangare da ke tambaya akan yara masu sa AI ya musu aikin gida, mun ajiye sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu, ita zamu fara da ita. A ci gaba da rubutowa, a tashi lafiya.