Tyneham: Ƙauyen da sojojin Ingila suka ara ba su mayar ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa kudancin Ingila, gundumar Dorset, inda wani ƙauye yake kwance a cikin kwari, tafiyar kusan mil ɗaya daga bakin teku. Sunansa Tyneham. Cocinsa na tsaye, makarantarsa na tsaye, har rumfar wayar tarho tana nan a bakin hanya. Amma tun watan Disamba na 1943 babu wanda ya sake zama a cikinsa.

Tsohon gari ne, don sunansa yana cikin babban kundin ƙidayar filaye da dukiya da aka rubuta wa Sarki William a 1086. Daga 1683 kwarin ya koma hannun wani gida guda, gidan Bond. Gonaki nasu, gidajen ƙauyen nasu, ga katafaren gidan da suke zaune a ciki. Yawancin sauran jama'a 'yan haya ne: ma'aikatan gona, makiyayan tumaki, masu yi wa babban gida hidima, sai masuntan gaɓar Worbarrow. Ku riƙe wannan magana ta haya, za ta yi mana amfani a gaba.

A tsakiyar Nuwamba na 1943, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, takarda ta iso wa kowane gida daga rundunar soja. Dama akwai sansanin koyon harbi da tankokin yaƙi a Lulworth, maƙwabcin garin. Yanzu kuwa ana shirin tsallaka teku zuwa Faransa, filin ya yi wa sojoji kaɗan. Takardar ta ce kowa ya tashi kafin 19 ga Disamba, wato saura kwana shida Kirsimeti, a tsakiyar hunturu. Mutum 225 abin ya shafa, na ƙauyen da na kewaye. An ba su tabbacin cewa da zarar yaƙi ya ƙare za su koma gidajensu.

Da za su tafi, an manna wata 'yar takarda a ƙofar coci. Ga ma'anar abin da ta ce: "Don Allah ku kula da cocin nan da gidajen nan. Mun bar muhallinmu, inda da yawanmu muka zauna tun kaka da kakanni, don mu taimaka a ci yaƙin nan, mutane su zauna cikin 'yanci. Wata rana za mu dawo mu gode muku da kuka riƙe ƙauyen da kyau."

Yaƙi ya ƙare a 1945. Shiru. A 1948, zaman doya da manja tsakanin ƙasashen Yamma da Tarayyar Sobiyet ya kankama, gwamnati ta ce filin ba zai koma ba, ta saye shi a kan tilas. To, wa aka biya? Mai ƙasa. Gidan Bond sun karɓi fam 30,000. Shi kuwa ɗan haya, wanda kakan kakansa ya rayu a ɗaki guda ya mutu a ciki, tunda bango ba nasa ba ne, diyyarsa ita ce kuɗin kayan lambun da ya bari a bayan gida. Su dankali, su kabeji.

Nan ne labarin iyalai yake rabuwa, kuma nan ne mai yawon buɗe ido ya kan yi kuskure. In ka je yau ka ga kwari kore shar, ga kukan tsuntsaye, sai ka ɗauka aljannar duniya aka raba mutane da ita. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidajen 'yan hayan nan ba lantarki, ba ruwan famfo a ciki, sai an fita ɗebowa. Garin ma ya riga ya fara zubewa kafin zuwan soja, don tun 1932 aka rufe makarantar saboda ƙarancin yara. Wasu iyalan an ba su sababbin gidajen hukuma a kusa da garin Wareham, a wata unguwa da aka raɗa wa sunan tsohon ƙauyensu. Akwai matan da suka ga wuta da ruwa da banɗaki a cikin gida, suka ce su kam sun zauna. Akwai kuma tsofaffi, musamman masunta, da aka raba su da teku, ba su daɗe ba suka rasu. Don haka jika biyu 'yan asalin layi ɗaya za su iya ba ka labari biyu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

A ƙarshen shekarun 1960 aka taso da fafutukar a mayar da ƙauyen, bayan an rushe mafi yawan babban gidan Bond a 1967. Wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Lord Nugent ya ba da shawara a 1973 cewa sojoji su tashi. Shekara na zagayowa gwamnati ta ƙi. Abin mamaki, har da mutanen yankin a cikin masu cewa sojoji su zauna. Wasu abincinsu a barikin yake. Wasu kuma sun lura cewa filin da ake harbi a kansa ya tsira daga garma da maganin feshi da gine-ginen 'yan hutu, furanni da namun daji sun samu sakewa. Matsayar da aka cimma ita ce daga 1975 a riƙa buɗe wa jama'a hanya a yawancin ranakun Asabar da Lahadi da lokutan hutu, in ba a harbi.

Abin da ya rage yanzu aikin jikoki ne da masu sa kai. Shiga layin gidajen da gidan waya yake: rufi babu, sai bango da gurbin murhu. A jikin bangon an kafa allo ɗauke da hotunan iyalin da suka zauna a wannan ɗakin, da sunayensu, da sana'ar maigida. A makaranta an shirya ajin kamar yadda yake a shekarun 1920, ga tebura, ga maratayan riguna da sunayen yara. Maƙabartar coci kuwa an gyara ta, kuma an kai wasu tsofaffin mazauna an binne su a can.

Wanda ke neman asalinsa a takarda zai ci karo da wani giɓi. Takardun ƙidayar jama'ar Ingila ta 1931 sun ƙone a gobara a 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Sai dai ya koma ga ta 1921, wadda aka buɗe wa jama'a a 2022, da rajistar da aka yi a Satumban 1939 don katin shaida da rabon abinci, da littattafan coci na baftisma da aure da jana'iza. In kuma za ka je da ƙafarka, duba ranakun buɗewa tukuna, kuma kada ka sauka daga hanyar da aka yi wa alama da rawayen turaku, don har yanzu ana tsintar harsasan da ba su fashe ba a cikin ciyawa.