Daƙiƙa sittin na muryar Kaka

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Daga Nima muke magana, a birnin Accra, ko Ankara yadda tsofaffinmu ke faɗi. Yau ba ni da Auta kaɗai ba ne, mun jawo Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, don shi ya tayar da zancen nan. Kawu, sannunku da zuwa.

Kawu: Yawwa ɗiyata, sannunku. Amma gyara maganarki, ni ban tayar da komai ba. Ke ce kika ji masu kondem, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa, suna wucewa da amalanke, kika ce a fito musu da kwamfutar babanku.

Yaya: To Kawu, shekara nawa tana ƙarƙashin gado? Ɗakin nan ko wurin shimfiɗa tabarmar salla da ƙyar ake samu. Ni ban ga amfanin akwatin ƙarfe da kyankyasai suka mai da gidan haya ba.

Auta: Har da gizo-gizo, shi ne mai gidan.

Kawu: Ku yi dariya. Akwatin nan da kuke gani, tare da marigayi muka je muka sayo shi a 2006, Allah ya jiƙansa.

Yaya: Amin.

Kawu: Pentium 4 ce, irin waɗanda ake kawowa daga Turai an riga an yi aiki da su, hom yus muke ce musu. Sidi miliyan biyu da rabi ya ƙirga.

Auta: Miliyan? Ashe mu 'ya'yan attajiri ne ba a faɗa mana ba.

Kawu: Tsohon kuɗi, yaro. A watan Yulin 2007 aka canza, aka sare sifiri huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya. Ka ga miliyan biyu da rabi ta zama ɗari biyu da hamsin ke nan. Amma a lokacin kuɗi ne mai ciwo. Kan tasi muka ɗoro ta, mai tasi yana ta mita wai monitar za ta karya masa kujera. Da muka iso, yaran layi suka biyo mu har tsakar gida kamar an kawo amarya.

Yaya: Wannan na tuna. Inna ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa. Kuma ba mai taɓawa sai ya wanke hannu.

Kawu: Kafin nan ai kafe muke zuwa, wato shagon da ake biya a shiga intanet. A 1995 intanet ta shigo ƙasar nan sosai, su Nii Quaynor ne suka yi wannan aiki, amma mu talakawa sai da kafe-kafe suka yawaita muka san ta. Na tuna sanda aka buɗe Busy Internet a Ring Road a 2001, mutum ya shiga ya ga kwamfutoci jere reras, ga sanyin na'ura. Ka sayi minti talatin, rabi ya ƙare kana jiran Yahoo ya buɗe. Kana rubuta wa ɗan'uwanka na Jamus wasiƙa, ido ɗaya a kan kibod, ɗaya a kan agogon da ke cinye maka kuɗi.

Yaya: To Auta, faɗa musu yadda ka tashe ta, don ni na riga na yi mata salla.

Auta: Da farko da na jona ta, ko tari ba ta yi ba. Na kwance murfin da sukuddireba, wallahi ƙurar da na gani sai ka ce an tara hunturu goma sha biyar a wuri guda. Ga tsatsa a bayan akwatin, kun san iskar teku ba ta barin ƙarfe a garin nan. Na fitar da ita tsakar gida, na bi ta da burushin fenti, na riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Sai na gane akwatin wutar ne ya ƙone.

Kawu: Dumso ne ya kashe shi, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Wajen 2015, lokacin da ake ɗauke wuta yini da kwana, a kawo ta sa'a goma sha biyu. Wata rana aka dawo da ita da ƙarfi, muka ji ƙauri. Tun ranar ba ta sake tashi ba.

Auta: Shi akwatin wutar nan, don Allah masu sauraro, kada wanda ya buɗe shi. Akwai kafasita a ciki da ke riƙe wuta ko an zare waya daga bango. Haka ma tsohuwar monita mai ƙeya, ita ta ma fi haɗari. Canzawa ake yi. Na hau torotoro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Circle, na shiga Tip Toe Lane, na yi ta tambaya. Yawancinsu waya suke sayarwa yanzu, wani ya dube ni ya ce wa ke neman kayan Pentium 4 a wannan zamani. Da ƙyar na samu wajen wani dattijo can ƙurya.

Kawu: Da can Agbogbloshie za ka nufa, kasuwar tsofaffin ƙarafa, ka tsinci ko wane irin ƙarfe. Tun da aka rushe wurin a 2021 masu sana'ar suka watsu.

Auta: Na sa sabon akwatin wuta, fanka ta juya, sai kuka: ƙiii, ƙiii, allo baƙi ƙirin. Wannan kukan yawanci ram ne bai zauna daidai ba, wato ɗan siririn allon da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Na zare shi, na goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir, na mayar har ya ce ƙas. Sai ga rubutu ya fito. Amma ta ce wai yau ɗaya ga Janairun 2002.

Yaya: Ta yi barcin mutanen kogo.

Auta: Akwai wani ɗan batir a jikin babban allon ciki, kamar kwabo, CR2032 sunansa, irin na sikelin awo ko makullin mota. Shi ke riƙe mata agogo idan an kashe. In ya mutu, kullum ta tashi sai ta koma ranar da aka haife ta. Na canza shi, na gyara kwanan wata. Daga nan sai ga Windows XP da koren tudun nan da shuɗin sama, ga kuma ɗan kiɗan buɗewa.

Yaya: Ina kicin ina tace wake na ji kiɗan nan. Ban san sanda na ajiye matankaɗi na fito ba. Jikina ya yi sanyi, don a kunnena wannan sautin yana nufin Baba ya dawo daga sallar isha'i.

Kawu: Ke da kika ce a ba masu kondem.

Yaya: Na ci maganata, Kawu, kada ku ƙara min.

Auta: Abin da na fara yi shi ne kashe ta.

Yaya: Har muka yi faɗa a kan haka.

Auta: Saboda na ji faifan ajiyar yana ɗan ƙas-ƙas. Shi had dis na da, faranti ne ke juyawa a ciki, da allura tana bin sa. Ya shekara goma a kwance, kowane juyi da zai yi zai iya zama na ƙarshe. Na ciro shi, irin mai faffaɗar waya ne da ake kira IDE, na jona shi da laftof ɗina ta wata 'yar mahaɗa mai USB, na kwashe komai kafin in buɗe ko hoto ɗaya. Gigabait 40 ne gaba ɗaya, wayar Yaya ta ninka shi sau uku. Na zuba kwafi ɗaya a pendiraif, ɗaya a laftof, na ɗora ɗaya a intanet. Ita kuma tsohuwar ban yarda ta leƙa intanet ba, don tun Afrilun 2014 Microsoft ta daina toshe wa XP ƙofofin ɓarayi.

Kawu: Ni ma laftof ɗina kwanan nan ta fara min wannan surutun.

Auta: Taku Windows 10 ce, ita ma an janye mata tallafi a Oktoban 2025, kuma ba za ta ɗauki 11 ba. Ku kawo in sa mata Linux Mint, kyauta ce, za ta ƙara muku shekaru.

Kawu: In dai akwai wasan kati a ciki.

Yaya: Ku bar zancen kati, mu zo kan abin da muka tarar. Hotunan sunan Auta, kansa kamar ƙwarya. Hotunan ranar da Ghana ta ci Amurka biyu da ɗaya a gasar duniya ta 2006, Kawu ya ɗaura tuta a ka yana rawa a titin Nima.

Kawu: Wannan hoton sharri ne.

Yaya: Sai makina na Mavis Beacon, manhajar koyon buga rubutu, kalma goma sha ɗaya a minti, ina ta fankama a makaranta. Amma wanda ya sa Inna dariya har da hawaye shi ne wani fayil da Baba ya sa wa suna Bashi. Duk wanda ya ci waken Inna bai biya ba, yana ciki, da rana da wata. Kuma da yake kibod ɗin ba shi da ƙa da ɗa masu lanƙwasa, sai ya riƙa sa musu ɗan waƙafi a sama. Wasu a jerin sun rasu, Inna ta ce ta yafe. Wasu kuwa yanzu alhazai ne masu gidan bene.

Auta: Akwai wani suna da ya fito sau bakwai.

Kawu: Auta, ka kiyaye ni. Abincin gidan yayata ne, ba a kiransa bashi.

Yaya: To sai fayil na ƙarshe, mai suna Hajiya 1. Kawu, ku za ku faɗi wannan.

Kawu: Hmm. Mahaifiyata ce, kakarku. Shekarar da muka sayi kwamfutar, na sayo 'yar makirfo ta roba, na ce Hajiya zauna ki ba mu labarin asalinmu. Ta ce ita ba za ta yi magana da akwati ba. Sai da babanku ya lallashe ta da goro. Ta fara da kakanta, bafatake ne, daga Kano suke tasowa da jakuna, su kawo kanwa da baƙin rini da fatu, su sayi goro a Salaga, ƙasar Gwanja, su juya. Tafiyar watanni. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, fatake suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku. Shi ya bi ta Krachi. Duk wannan na sani. Abin da na manta shi ne sunan unguwarsu a Kano. Kuma a cikin faifan, ta ce, shi kuwa gidansu a Kano yana unguwar... sai shiru.

Auta: Daidai daƙiƙa sittin. Manhajar ɗaukar murya ta XP haka take, minti ɗaya take ɗauka ta tsaya. Sai ka sake danna jan maɓallin ta ƙara wani mintin a kai.

Kawu: Wa ya sani a lokacin? Ni ina can ina gyaɗa kai, ashe akwati ya daɗe da rufe kunne. Ranar da Auta ya kunna min, sau tara na saurara. Har tarin da take yi kafin ta fara magana yana nan, da ƙarar munduwarta. Shekara goma sha huɗu rabona da muryar nan.

Yaya: Allah ya jiƙan Hajiya. Inna ma ta kasa tuna unguwar, ta ce ko dai kusa da kasuwar Kurmi ne.

Auta: Amma Kawu, wanda ya rubuta Hajiya 1, ai yana da Hajiya 2 a ransa.

Kawu: Akwai. Da na gane ta yanke, na sa ta maimaita daga wurin. Wannan na biyun a filofi na zuba shi, ɗan faifan ajiya na da, zan kai wa yayanmu na Kumasi, a Aboabo, ya ji. Ban tuna ko na kai ba.

Auta: Filofi megabait 1.44 ne, ko hoto ɗaya na wayar yanzu ba zai shiga ba, amma minti ɗaya na murya irin ta wancan lokaci zai shiga da ƙyar. Matsalar ita ce danshi, yana sa musu fumfuna. Suna ina?

Kawu: Cikin gwangwanin biskit, saman kwabata. Sun kai talatin, kuma ba wanda na rubuta wa suna.

Yaya: Ikon Allah. Wato wani tarkacen ne kuma zai shigo ɗakin nan.

Auta: Na'urar filofin da ke jikin ta Baba ta ci tsatsa, ba zan sa mata ko ɗaya ba, kada ta karce shi. Akwai mai USB, zan koma wajen dattijon nan na Circle ranar Asabar. Kawu, kada ku buɗe gwangwanin, kada ku hura musu iska, kada kuma ku ajiye su kusa da rediyo, maganaɗisun lasifika yana goge su.

Kawu: Kusa da rediyo fa ka ce?

Auta: Eh.

Kawu: To ku rufe shirin nan, bari in je gida.