Gato, folere da kwandon shara: bikin ranar haihuwa a biro

Zainabu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Garwa, a arewacin Kamaru. Ina tare da Malam Hamadu da ƙanena Sani. Malam, ina gajiya?

Malam Hamadu: Ba gajiya, Zainabu, sai zafi. Me kika kawo mana yau?

Zainabu: Abin da ya tsaya mini a rai ne tun ran Juma'a. Mun yi wa wata abokiyar aikinmu bikin ranar haihuwa a biro, wato ofis. Mu goma sha huɗu ne, ko rabin sa'a ba mu yi ba. Da aka watse na leƙa kwandon shara, ya cika har ya zube: kofin roba, faranti da cokalin roba, robar lemo, ledar ruwa, ga fasassun balan-balan. Da yamma maigadi ya kwashe ya cinna musu wuta a bayan katanga. Wallahi hayaƙin nan har cikin ɗakunan aiki.

Sani: Kuma shi ya fi kowa shaƙa, Yaya, shi da ko yankan gato, wato kek, bai samu ba.

Malam Hamadu: Ni dai ban tashi da wannan al'ada ba, addu'a ce tawa idan an kira ni. Amma leda na san ta. Bara akuyata ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, tana ta ramewa. Da muka yanka, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Dabba tana jin ƙanshin mai da gishiri a jikin ledar sai ta haɗiye, ba ta narkewa, sai ta toshe mata ciki. Wadda dabba ba ta ci ba kuwa, ruwan Agusta ya tura ta kwata, daga can sai kogin Binuwai.

Sani: Alhali akwai doka, Malam. Kamaru ta hana siririyar ledar da ba ta ruɓewa, wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba. An sa hannu a 2012, ta fara aiki a Afrilun 2014. A Injamena ma, a 2010 magajiyar gari Marie-Thérèse Mbailemdana ta tsananta hana leda, har mutane suka koma zuwa kasuwa da kwando.

Zainabu: To amma dokar ba ta shigo biro ta wanke mana kofi ba. Ni a nan nake so mu tsaya. Kowa zai ce a sayi kofin silba da faranti na dindindin. Na yarda. Wa zai wanke? Don na san inda za ta ƙare, kan matan biro ko ɗan aike. Shi ya sa ma aka gudu zuwa roba.

Malam Hamadu: Gaskiyarki. In ba a warware wannan ba, wata biyu za a koma gidan jiya.

Sani: A yi shi kamar adashi mana. Yadda ake rubuta wanda zai kwasa, a rubuta masu wanki, mutum biyu kowane biki, har da shugaban biro. Kofi kuma kowa ya ajiye nasa, ai masu shan shayi sun riga sun saba.

Zainabu: Kofin takarda fa? Wasu na ganin shi ne mafita.

Sani: Cikinsa shafe yake da roba, shi ya hana shi jiƙewa. Shara ce shi ma.

Malam Hamadu: Ku duba sunan jariri a unguwa da. Tire ɗaya, mutum biyar, a wanke hannu a buta. A kawo folere, wato zoɓo, cikin kula daga wajen mai yi a unguwa, da ƙosai ko tsire a babban faranti. Kuɗin ya zauna hannun maƙwabciya. Abin da ya ragu a ba maigadi tun da mutuncinsa, kafin a jagwalgwala shi.

Sani: Kuma a haɗa duk waɗanda aka haifa a wata ɗaya a biki guda.

Zainabu: Nan ban cika yarda ba, Sani. Akwai wadda a duk shekara ranar ce kaɗai ake ambaton sunanta a wurin aiki. A ranar a taru minti biyar a yi mata addu'a, cin abincin ne za a kai ƙarshen wata.

Sani: Na karɓa. Kuɗin balan-balan kuma a sayi dashen darbejiya, irin wadda ta yi wa titunan Marwa inuwa.

Malam Hamadu: Da sharaɗi. Wanda aka haifa a Maris ya jira Yuni ko Yuli, ruwa ya sauka. Kuma a yi wa dashen shinge, in ba haka ba awaki za su gama da shi kafin sati. A sa sunan mai ba shi ruwa a takardar nan ta wanki.

Zainabu: Bikinmu na gaba ƙarshen wata ne, zan kai maganar ran Litinin. Malam, za a ara mana babban tiren Hajiya?

Malam Hamadu: Ki aiko Sani ya ɗauka, har da kula. Sai dai a dawo mata da su a wanke.