Furotin ɗin Cikin Mahaifa da Ɓarin Ciki

Assalamu alaikum. In mace ta yi ɓari a Kano, kafin a sallame ta daga asibiti an riga an yanke hukunci a gida: ta ɗauki kaya mai nauyi, ko a-daidaita-sahu ya jijjiga ta, ko an yi mata asiri. Abin da ke faruwa a cikin mahaifa daban ne.

Kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka tabbatar yana ɓarewa. Kusan rabin ɓarin watanni ukun farko daga kuromosom ɗin ɗan tayi ne, wato zaren gadon halitta da yake samu daga uwa da uba, tun haɗuwar ƙwai da maniyyi adadinsu bai daidaita ba, kuma ba maganin da ke gyara wannan. Wani kaso na sauran kuwa yana komawa ga shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zubewa duk wata a jinin al'ada.

Da zarar mace ta saki ƙwai, sinadarin furojestaron yake sauya wannan shimfiɗa. Ƙwayoyinta su kumbura, su fara fitar da wasu furotin biyu, furolaktin da IGFBP-1. Lokacin karɓar ɗan tayi gajere ne ƙwarai, daga rana ta 20 zuwa ta 24 in an ƙirga daga farkon al'ada, ga mai zagayen kwana 28. A nan furotin LIF yake ƙaruwa, furotin integirin ya fito saman shimfiɗar don ɗan tayi ya samu abin kamawa, shi kuma furotin MUC1 mai santsi ya janye daga daidai inda za a maƙale.

Shimfiɗar nan har tantancewa take yi, kamar mai tsince shinkafa a faifai. Binciken Farfesa Jan Brosens na Jami'ar Warwick a Ingila ya nuna cewa a jikin wasu mata masu yawan ɓari, wannan sauyi ba ya kammaluwa, sai mahaifa ta karɓi har ɗan tayin da ya kamata ta ƙi, ta kuma kasa riƙe lafiyayye. Shi ya sa wata take saurin ɗaukar ciki, amma ba ya zama.

Inda magani ya fi tasiri shi ne wajen Annexin A5, furotin da ke lulluɓe fuskar mabiyiya don kada jini ya daskare a kanta. A cutar antifosfolifid, garkuwar jikin uwa ce ke ɓarke wannan rufi, jini ya yi guda-guda, abinci da iska su ragu ga ɗan tayi. Don gano cutar, gwajin jini sau biyu ake yi, tazarar mako 12, domin sau ɗaya yakan yi ƙarya. In ta tabbata, likita yakan haɗa asfirin ƙarami, miligiram 75, da allurar hefarin mai hana jini daskarewa. Ba abin saye a kyamis ba ne, don yana iya jawo zubar jini.

Akwai kuma daɗaɗɗen kumburin shimfiɗa, wanda sau da yawa ba ya ciwo. Ana yanko ɗan tsoka daga shimfiɗar a nemi CD138, alamar da ke nuna kumburin, in an same ta a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a sake ɗaukar ciki.

Maganin furojestaron fa? Ya fi amfanar wadda ta taɓa ɓari kuma take zubar jini a sabon ciki: miligiram 400 ta farji, sau biyu a rana har mako na 16, bayan sikanin ya nuna cikin yana cikin mahaifa. Gwajin LIF da integirin kuwa har yanzu na ɗakin bincike ne, duk mai tallar maganin gyara su kuɗinki yake nema.

In ɓari ya kai biyu, ki tattara takardun sikanin da katin awo, ki je sashen mata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala, a duba har da suga da maƙoƙo. Maigida ma ya bi ki, domin rabin kuromosom ɗin nasa ne.