Abin da labo ke nema a cikin ruwan kunne

A Damagaram, idan damina ta sauka tabkuna suka cika, yara masu wanka a ciki sukan zo asibiti da kunne mai ƙaiƙayi, wanda ke zafi da an ja shi, wani lokaci yana zubar da ruwa. Ciwon yana cikin hanyar kunne ta waje, tsakanin ƙofar kunne da dodon kunne. Manya ma suna kamuwa, musamman masu sosa da tsinken ashana ko gashin kaza, domin susar tana ƙuje fata, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Ba kowane irin wannan ciwon ake kai wa labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ba. Likita yakan nemi gwaji ne idan maganin ɗigawa bai yi aiki ba, ko ciwon yana dawowa, ko kuma mara lafiyar yana da ciwon sukari, domin a jikin tsoho mai sukari cutar tana iya ratsawa har ƙashin kai.

Ma'aikaci yakan laƙato ruwan da tsinke mai auduga mai tsabta, a gaggauta kai shi labo. A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin: wanda ya kwana yana ɗiga maganin da ya saya a kasuwa yana iya raunana ƙwayoyin, su ƙi tsirowa, sakamako ya fito babu komai alhali ciwon yana nan. Wanda ya riga ya ɗiga, ya gaya wa likita sunan maganin.

A labo ana shafa ruwan a gilashi, a rina shi bisa dabarar da Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da ita a 1884. Ƙwayar bakteriya mai suna Staphylococcus aureus takan fito shuɗi mai duhu, a dunƙule, wata mai suna Pseudomonas aeruginosa kuwa ja-ja, siririya. Sauran ruwan ana shuka shi a faranti mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a zafin digiri 35 zuwa 37 na awa 24 zuwa 48. Pseudomonas takan tona kanta da launin kore. Daga nan sai a jera magunguna a kan abin da ya tsiro, a ga wanda ya hana shi yaɗuwa. Shi ya sa sakamako yake ɗaukar kwana biyu zuwa uku.

Wani lokaci abin da ya tsiro naman gwari ne, irin su Aspergillus, wanda maganin bakteriya ba ya kashewa, sai likita ya canja magani gaba ɗaya.